Kawu da Ƙungiyarsa ta Ranar Litinin

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Kawu ya riga mu tafiya wata ranar Litinin, a tsakiyar sanyin Fabrairu, aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta bayan garin Lyon kamar yadda ya bar wasiyya. Wan mahaifiyata ne. Shi ya karɓe ni da na zo karatu daga Damagaram a farkon shekarun dubu biyu, a gidansa na ci na sha har na samu aiki a Paris. Ina rubuta wannan don kada a manta da shi, kuma don kada a tuna da shi ta bakin mutanen da na gani a zaman makokinsa.

Ni mutum ne mai lura da takalma. In ka je ta'aziyya a dogayen benayen unguwar Minguettes, tun daga bakin ƙofa za ka san darajar mamaci, domin takalman masu gaisuwa kan taru har su tare wa maƙwabta hanya. A ƙofar Kawu, mutumin da ya tsufa a sahun gaba na masallaci, sai ka taka ka wuce ba ka ture ko silifa ba. Waɗanda suka zo ɗin ma na lura da yadda suka zo. Wasu sun bar salularsu a mota. Wasu sun zauna dab da ƙofa, suna cewa "Allah ya jiƙan rai" suna lalubar takalmi da ƙafa. Wani ya matso ya tambaye ni a kunne ko "waɗancan mutanen" sun zo tukuna. Na ce waɗanne? Sai ya kama kallon rufin ɗaki.

A wajen mata kuma wata magana ce daban ke yawo. Wai ranar da Kawu zai cika, Inna matarsa ta kai masa abinci gidan likita, kuma abin da ta kai maka ce, taliyar nan gajera ta kanti, fara fat, ba miya ba mai. Matan suka yi ta jinjina abin. Mace ta yi zaman aure har furfura, miji na kwance rai a hannun Allah, ta rasa abin kai masa sai maka. Inna na cikin ɗakin takaba tana jin su.

Maganar mazan na san inda ta samo asali, domin da ni aka yi ta. Akwai wani Alhaji Bakano mai kantin atamfa kusa da na Kawu a Vénissieux, can gefen Lyon. Sun daɗe suna gaisawa da fara'a, kowa na lura da masu shiga kantin ɗan'uwansa ta wutsiyar ido. Wata Litinin da yamma, a shekarun nan da munanan abubuwa suka faru a Paris har duk mai gemu ya koma magana ƙasa-ƙasa a jirgin metro, Alhajin ya jiyo Kawu a bayan kanti yana waya.

"Harin ya yi kyau, ɗana, harin ba laihi. Tsaron ne ya ba mu kunya. In ƙungiya ba ta samo sabbin yara masu gudu ba, baɗi ma haka za mu ƙare."

Ni ne a ɗaya gefen wayar, ina ɗakina a Saint-Denis, gefen Paris, ina yanka albasa. Alhajin bai kai ƙara ko'ina ba, wannan na shaide shi. Ya dai faɗa wa mutum ɗaya a asirce, shi ma wancan ya faɗa wa mutum ɗaya a asirce.

In kuma abin zargi ake nema, Kawu ya tanadar wa mutane shi da yawa. Daga kaka har ƙarshen sanyi, kowace Litinin yakan kashe salula tun bayan asuba. Ya fita gida da wuri, ba ya bi ta ƙofar ɗakin girki, in ma dole ta sa ya gifta sai ya toshe hanci da bakin rawani. A cikin tram, jirgin ƙasan cikin gari, yakan sunkuyar da kai, ba ya duban jaridar na kusa da shi, ba ya duban talabijin ɗin gidan shan gahawa. In ka gaishe shi sai ya ɗaga hannu ya ce, "Lahiya lau, kada ka ba ni labarin komi." Daga azahar kuma ya ɓace, sai bayan la'asar a gan shi, wani lokaci yana murmushi shi kaɗai, mafi yawan lokaci fuska a murtuke.

Gaskiyar maganar ita ce ƙwallo. Ba ƙwallon ƙafa da muka sani ba, wani irin ƙwallo ne na Amurka mai siffar gwanda, wanda ake ɗauka a hannu a ruga, ƙarti masu hular kwano su bi mutum su kayar. Kowace ƙungiya tana da rukuni biyu, masu kai hari da masu tsaro. Kawu ya ce in kana son gane wasan ka tuna rikicin iyakar gona: ka ci taku kaɗan, su mayar da kai, ka sake ci, har ka kai ƙarshen gonarsu.

Yadda ya faɗa ciki kuwa, bosho ne sila, kayan nan na hannu da mutanen Najeriya ke kira gwanjo. Da shi ya fara kasuwanci a gida. Da zai taho Faransa ya zaro wata rigar sanyi mai kauri daga cikin dila, da hoton wata dabba a baya wadda har yau ban yanke hukunci ko kura ce ko kare ba. Yana tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Lyon da rigar, sai wani ƙaton baƙin mutum ya kurma ihu ya rungume shi. Kawu ya ce shi dai aljihunsa ya fara dafewa. Ashe Ba'amurke ne da ya auri Bafaranshiya ya zauna a nan, rigar kuma ta ƙungiyar garinsu ce, ƙungiyar da ta shahara da shan kashi, har ya ce ko a can gida mutane na jin nauyin sa rigarta.

Tun daga nan suka ƙulla. A Amurka ranar Lahadi ake wasa, a nan kuwa lokacin dare ya yi, Kawu ya ce ba ƙwallon da zai sa ya makara sallar asuba. Sai matar Ba'amurken ta riƙa ɗaukar musu wasan a kaset, su biyun su zauna ranar Litinin su kalla kamar yanzu ake yi. Sharaɗin ɗaya ne, kada wanda ya ji sakamako kafin a kunna. Abin da ya sa yake kashe salula ke nan, yake tafiya kai a ƙasa. Zamani ya canja, kaset ya zama faifai, faifai ya zama wani abu a cikin akwatin talabijin, amma Kawu bai fasa cewa kaset ba.

Ni ya zaɓa ya faɗa wa, wai zafin kaye ba ya fita da Faransanci, sai da Hausa. Amma sai da ya sa na yi alkawari.

"Ni Alhaji ne, gemuna hwari. A ce ina zamne ina kallon ƙarti cikin matsattsen wando suna kokawa bisa ƙwallo? Liman ya ji? Innarka ta ji? Kada ka hwaɗa ma kowa, ɗana, musamman ita."

Bai taɓa kiran ƙungiyar da sunanta ba, harshensa ba ya juya shi. "Ƙungiya" kawai yake cewa, ni ma haka zan bar ta.

Tarihinta kuwa ya iya shi yadda tsofaffinmu suka iya tarihin fari da yunwa. Yakan fara daga kakanni, ma'aikatan masana'antu da suka kafa ta a wani gari mai hayaƙi da sanyi. Ya zo kan zamanin da suka yi tashe, tun talabijin bai da launi. Daga nan sai ya gyara zama ya ce, "To, sai shekarun yunwa." Mai ƙungiya marowaci, masu horarwa ana kawowa ana kora, duk yaron da ya fara kyau wata ƙungiya ta ɗauke. Har aka so a kwashe ta a kai wani gari mai rana, mutanen garin suka ce ba su san zancen ba. Kawu bai taɓa taka Amurka ba, amma in ya zo nan sai ya ce, "Muka ƙi."

A wajensa na gaji zargi, ba na musu. Yana zargin alƙalan wasa, yana zargin iska, yana zargin masu sharhi da son kai. Da aka kawo wani sabon mai horarwa ya fara gyara tsaro, yana tattara 'yan wasan da wasu suka yar, ƙungiya ta soma cin wasa bi da bi, Kawu bai yi murna ba. Ya ce min, "Akwai wata a ƙasa. Mu ba mu saba ba." Sai da aka yi kaka biyu ana haka kafin ya yarda ya ce wataƙila dai gyara ne.

Sau ɗaya suka yi faɗa da Ba'amurken, shekarar da ƙungiya ta kai wasan ƙarshe na kofi aka doke ta a gab da tashi. Ba'amurken ya cire hularsa ya jefa a kwandon shara, ya ce ya gama da su har abada. Kawu ya tsamo hular, ya zo da ita gida ya wanke da hannunsa a ɓoye, ya mayar masa Litinin ta gaba. Ya ce masa, "Kai aka haifa a garin, ni ko hanyarsa ban sani ba, amma ni zan koya maka zama da su." Suka yi yinin nan ba mai yi wa wani magana, suna zaune a kujera ɗaya.

Kuma duk ɗalibin da ya sauka daga gida da rigar shadda a cikin sanyi, Kawu zai kai shi bayan kanti ya zaɓa masa rigar sanyi daga bosho, ya ɗaga masa wuya, ya ja masa zif har haɓa, ya ce, "Ƙasar ga ba ta san ɗan wa kake ba." Rabin waɗanda suka bar salula a mota ranar makokinsa da rigarsa suka yi sanyin farko.

A shekarar da ya rasu ƙungiya ta sake kai wasan ƙarshe. Ranar Juma'a ciwon zuciya ya kayar da shi a kanti. Ranar Lahadi aka yi wasan. Ranar Litinin, ina cikin jirgin ƙasa daga Paris, aka kira ni aka ce ya cika. Na san sakamakon tun safe, domin ni ba na kashe salula. Abin da ya dame ni duk tsawon hanya shi ne, mutumin nan ya jira shekarun yunwa kaf, ya tafi bai ji an yi ruwa ba.

Ranar sadakar uku, gida na ƙamshin daddawa tun hantsi. Bayan Liman ya shafa addu'a, Alhaji Bakano ya gyara murya ya dube ni.

"Yaro, ka yi haƙuri, ba lokacin maganar ba ne, amma dole. Mu fa muna da iyali, muna da bizines a ƙasar mutane. Kai ne yake kira a waya, an sani. Wace ƙungiya ce? Gara mu ji a bakinka da mu ji a ofishin 'yan sanda."

Kowa ya juyo yana kallona. Ga alkawarin da na yi wa mamaci, ga sunansa ana ja a ƙasa a cikin falonsa, ƙofar ɗakin Inna kuma a buɗe take kaɗan. Na ji haushi, na ji tsoro, na kuma ji kunyar Kawu kamar yana zaune a wurin. Na zaɓi sunansa. Na ce ƙwallo ce, ƙwallon Amurka, na yi bayanin hari da tsaro da kaset ɗin Litinin.

Ba wanda ya yarda. Wani ya yi 'yar dariya ta hanci. Alhajin ya ce, "Ƙwallo? Mutumin da ko gasar kofin duniya ake yi ba ya ɗaga kai?" Liman, mutum mai sanyin hali, ya ce, "To ɗana, mi sunan ƙungiyar?" Na faɗi sunan. Sunan Turanci ne da ba wanda ya taɓa ji, sai ya ƙara ɓata lamarin. Na ga suna kallon juna, na gane yanzu ni ma na shiga cikin ƙungiyar.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani ƙaton tsoho baƙi ne, kansa na kusan taɓa saman ƙofa, da wata farar tsohuwa a bayansa ta yafa gyale. Yana sanye da rigar sanyi mai kauri, a hannunsa wani ƙunshi a leda. Mutum biyu suka tuna suna da abin dubawa a baranda. Alhaji Bakano bai ɗauke ido daga ledar ba.

Tsohon ya cire takalmansa, manya kamar kwale-kwale, ya jera su da kyau. Ya ce da Faransancinsa mai nauyi ya zo ne saboda ɗan'uwansa. Ya ɗaga ledar ya ce faifan wasan ƙarshe ne a ciki, bai kalla ba. Tun Lahadi yake kulle a gida, ba rediyo ba salula, yana jiran Kawu ya fito daga likita. Yanzu kuma bai san da wa zai kalla ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki matarsa ce. Ba ta tambayi kowa hanya ba, ta miƙe kai tsaye ɗakin Inna, muka jiyo Inna na cewa, "Ƙawata, kin zo?"

Jim kaɗan sai muryar Inna daga bayan ƙofa, ba ta fito ba.

"Malam Liman, a gahwarce ni, zan yi magana. Yaron ga gaskiya ya hwaɗi. Na san da ƙwallon tun kahin shi ya zo ƙasar ga."

Ta ce wata Litinin can baya Kawu ya manta maganinsa a gidan Ba'amurken, matar ta kira gida, daga nan suka saba. Tunda matar ce ke ɗaukar kaset, ita ke fara sanin sakamako. Kowace Litinin da hantsi sai ta kira Inna ta faɗa mata kalma ɗaya.

"In an ci su, na san da wace huska zai komo. Sai in tuƙa mishi tuwon hatsi da miyar kuka, in sa daddawa da man shanu, ya ci ya huce. In su suka ci, ko mi na ba shi ba ya sanin mi yake ci, yana can yana murmushi. Sai in dahwa maka in huta."

Nan na tuna yadda na ci tuwo kusan kowace Litinin ina ɗalibi, da yadda Kawu ya rame a shekarun da ƙungiya ta fara nasara, har ana cewa ciwon suga ne. Na kuma tuna rawanin nan a kan hanci, ashe ƙamshin girki yake gudu kada ya faɗa masa sakamako. Duk wannan ina fassara wa Ba'amurken a hankali, yana gyaɗa kai, yana kallon ƙofar da matarsa ta shiga kamar yau ya fara saninta.

Liman ya ce, "Hajiya, shi ya san kin sani?"

"Bai taɓa ce mini ba, ban taɓa ce mishi ba. Ya ji kunyata, ni ma na bar mishi kunyarshi. Ran Litinin ɗin nan ƙawata ta kira ni. Na ga jikin nashi, na san ba zai kai ga kaset ba. Na dahwa maka na kai. Ya buɗe kwano ya duba, ya dube ni, ya ce, 'Maka?' Na ce maka. Ya ce, 'Ba miya?' Na ce ko mai ban sa ba. Sai ya kama dariya, hawaye na zuba, har mai jinya ta leƙo. Ya ce, 'Alhamdu lillahi, ashe sun yi.' Bai ci ko ɗaya ba. Ya dai ce in bar kwanon kusa da shi."

Ba'amurken ya taɓa kafaɗata, yana jiran fassara. Na ce masa sun ci kofi, kuma Kawu ya sani. Ƙaton tsohon nan ya sulale ya zauna a kan darduma tsakanin Liman da Alhaji Bakano, ya rungume ledarsa, ya yi kuka irin na yara. Daga ɗakin mata ma aka ɗauka, kuma na ji muryoyin masu maganar maka sun fi na kowa tashi.

Alhaji Bakano ya nemi gafara a gaban jama'a, na karɓa a madadin gida. Washegari takalma suka cika har bakin matakala. Ina zargin rabinsu labarin maka suka zo ji, amma sun yi addu'a, kuma addu'a ba ta da ragi don ta zo a makare. Allah ya gafarta wa Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya rufa masa asiri a can fiye da yadda Inna ta rufa masa a nan.

Amma kafin washegarin, a ranar nan dai, aka fito da abinci. Tuwon hatsi ne da miyar kuka, man shanu na yawo a kai. Matan suka ce tun safe suke hana Inna, ta ce wannan da hannunta za ta tuƙa. Na ɗauki kwanona na je bakin ƙofarta na durƙusa, ina so in nemi afuwar alkawarin da na karya, na rasa ta inda zan fara. Sai na ce, "Inna, yau ai ba Litinin ba ce."

Ina jin ƙarar carbinta ta bayan ƙofa.

"Na sani, ɗana. Amma yau mu aka ci."